Dokin da aka ɗaure a turke: raddi ga masu cewa kada a taɓa tsohuwar mota

A cikin watan Mayu na shekarar 2022, a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, kamfanin Mercedes ya yi gwanjon wata motarsa ƙirar 1955 da ake kira 300 SLR Uhlenhaut, wadda biyu kacal aka ƙera irinta a duniya. Mutum guda ya biya Yuro miliyan 135 ya ɗauke ta, wato sama da miliyar 88 na kuɗinmu na sefa. Na kai wannan labari aji a matsayin matanin karatu na darasin Faransanci, ina tsammanin yara za su tsaya kan yawan kuɗin. Sai wani ɗalibi da mahaifinsa ke da gareji a bayan tasha ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, to yanzu wa zai tuƙa ta?" Ajin ya fashe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin yaron ya ɗora yatsa a kan wata gardama da ta daɗe tana raba masoya mota a Turai da Amurka gida biyu, kuma ina da ɓangaren da nake goya wa baya a cikinta.

Ga yadda gardamar take. Akwai masu cewa tsohuwar motar tsere amana ce ta tarihi: yadda ta fito daga masana'anta haka za a bar ta, kada a canza mata ko ƙusa, a bar kaza cikin gashinta. Babban abin alfaharinsu shi ne lambar da ke jikin inji ta dace da wadda ke rubuce a takardun kamfani tun ranar da aka ƙera motar. Idan lambar ta saɓa, daraja ta faɗi, ko da injin da aka sa ya fi na asali lafiya. Akwai kuma masu kwance inji su baje shi a kan tebur, su faɗaɗa silinda, su canza fistan, su ɗaura turbo, su mayar da motar da ta shekara arba'in ta riƙa gudun da ba ta taɓa yi ba. Na farko suna kiran na biyu maɓarnata. Ni ina tare da na biyu, masu baƙin mai a farce, amma da sharaɗi, kuma zan faɗi sharaɗin ba tare da sassauci ba idan lokacinsa ya zo.

Kafin in soki masu cewa kada a taɓa, adalci ne in kawo hujjarsu da ƙarfinta. Suna cewa mota shaida ce ta zamaninta. Wanda ya hau motar 1960 yadda take, ya ji nauyin sitiyarinta da taurin giyarta da raunin birkinta, ya koyi wani abu game da mutanen da suka yi tsere da ita wanda littafi ba zai koya masa ba. Idan kowa ya sa wa tasa injin zamani, nan da shekara hamsin babu wanda zai san yadda motar 1960 take. Wannan magana ce mai nauyi, kuma mu malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu mun fi kowa sanin zafin abin da aka gyara har ya ɓace. Ban musa ta ba. Abin da na musa shi ne a ce wannan hujja ce ke tuƙa kasuwar. Wanda ya kulle mota a ɗaki mai sanyi, yana tsoron ƙara mata kilomita goma kada farashinta ya sauka, ba tarihi yake tsare wa ba, dukiyarsa yake gadi, kamar mai ɓoye hatsi yana jiran bazara.

Kuma duk wanda ya san doki ya san abin da zama ke yi masa. A ɗaure ingarma a turke shekara guda, ana ba shi dawa da harawa, ana wanke shi, ba a hawa. Ranar hawan salla za a ga abin da ya rage na ƙafafunsa. Haka mota take. Idan ta daɗe a tsaye, robobin da ke tare mai sukan bushe su tsage, man fetur ya lalace a tanki ya toshe hanyoyinsa, birki ya cije, taya ta kwanta ta gefe guda. An ƙera inji ne domin ya yi zafi ya yi sanyi, mai ya riƙa zagaya jikinsa. Mai ajiya yana zaton yana kiyaye motarsa, alhali kuwa sannu a hankali yake kashe ta, sai dai gawar tana ƙyalli.

Yanzu mu duba asalin gumakan da suke bauta wa. A shekarar 1948, a wani ƙauye na ƙasar Ostiriya mai suna Gmünd, aka haɗa motar farko da ta ɗauki sunan Porsche, wato 356. Injinta na Volkswagen ne, na ƙaramar motar talakawan nan mai siffar ƙwaro, aka yi masa gyaran fuska aka ƙara masa ƙarfi. A Faransa, Jean Rédélé, mai sayar da motocin Renault a garin Dieppe, ya riƙa kwaskware ƴar ƙaramar 4CV yana shiga tsere da ita a hanyoyin duwatsun Alf. Daga nan aka haifi Alpine a 1955, kuma a 1973 jikarta A110 ta lashe gasar rali ta duniya ta farko. A 1962, wani Ba'amurke mai suna Carroll Shelby ya ɗauki gangar jikin wata ƙaramar motar Ingila, AC Ace, ya cusa mata ƙaton injin Ford mai silinda 8. Abin da ya fito shi ne Cobra. Da masu cewa kada a taɓa suna tsaye a garejin a ranar, da sun ce ya ɓata motar Ingila. A 2016 an sayar da wannan Cobra ta farko a kan sama da dalar Amurka miliyan 13, kuma jikokin masu tsangwamar ne suka yi layi suna taya ta.

Kada a ce waɗannan tsofaffin labarai ne na lokacin da masana'antu ke rarrafe. A 1967 wasu injiniyoyi biyu, Aufrecht da Melcher, suka buɗe wurin gyaran inji a wani tsohon gidan niƙa a Jamus. Suka ɗauki wata ƙatuwar Mercedes ta manyan mutane, suka faɗaɗa injinta daga lita 6.3 zuwa 6.8, suka kai ta tseren awa 24 na Spa a ƙasar Beljiyam a 1971, ta zo ta biyu. Sunan wurin AMG, kuma a 1999 Mercedes da kansa ya sayi mafi yawan hannun jarinsa. A 1987 Alois Ruf, wanda ya gaji garejin mahaifinsa a wani ƙaramin gari na kudancin Jamus, ya ɗaura wa Porsche 911 turbo biyu, ya shafa mata rawayen fenti. A gwajin da wata mujallar Amurka ta shirya, ta yi gudun kusan kilomita 340 a awa, ta bar Ferrari da Lamborghini da Porsche ta kamfani a baya. Amma hujjar da ta fi burge ni ita ce ta Ferrari 250 GTO, sarauniyar masu ajiya, wadda 36 kawai aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. Wadda aka sayar a 2018 a kan sama da dala miliyan 48, an cire mata gangar jikinta ta asali tun 1964 aka sa mata sabuwa, saboda mai ita yana son ya ci gaba da cin tsere. Ashe tsarkin asalin da ake biyan miliyoyi dominsa, shi kansa aikin mai gyara ne. Bambancin kawai, wancan mai gyaran ya mutu, na yau yana raye.

To mene ne masu kwance inji suka sani wanda mai ajiya bai damu ya sani ba? Bari in ɗauki turbo, tun da shi ne abin da aka fi yin cacar baki a kansa, kuma shi ne aka fi ambata ba tare da fahimta ba. Inji ba ya ƙona mai sai da iska: kowane giram na man fetur yana buƙatar kusan giram 15 na iska kafin ya ƙone sarai. Saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da zai iya shaƙa. Ƙara mai ba tare da ƙara iska ba, baƙin hayaƙi kawai yake haifarwa. A ɗaya gefen kuma, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin mai yana fita ne a banza ta bututun hayaƙi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya haɗa waɗannan abubuwa biyu a cikin dabarar da ya yi wa rajista a 1905: a sa farfela a hanyar hayaƙi, hayaƙin ya juya ta, ita kuma ta juya wata farfelar da ke ɗaya ƙarshen sandar ƙarfe guda, wadda za ta tura iska da ƙarfi cikin inji. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yaro yana zuga, ya ga garwashi ya tashi daga ja zuwa fari, ya riga ya fahimci rabin turbo. Sauran rabin shi ne, a nan wutar ce da kanta ke buga zugazugin.

Dabarar tana da sauƙin faɗi, amma kowane ƙarin iska yana jawo bashi, kuma sai an biya. Iskar da aka matsa takan yi zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannu. Iska mai zafi ba ta da kauri, kuma tana sa man ya fashe da kansa kafin lokacin da buji ya tsara masa. Wannan shi ne ƙwanƙwasar da makaniki ke ji a kunne, kuma idan ta daɗe tana huda fistan. Don haka mai gina inji na ƙwarai yakan rage matsin da ke cikin silinda, ya sa akwatin sanyaya iska tsakanin turbo da inji, ya sa ƙofar da ke karkatar da hayaƙi idan matsi ya kai iyaka, ya gyara lokacin tashin wuta, ya ƙara yawan man da ake fesawa. Farfelar kanta tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, cikin hayaƙin da zafinsa kan haura digiri 800, kuma abin da ke tsakaninta da halaka ɗan siririn baƙin mai ne. Shi ya sa ake hana direba kashe inji nan take bayan doguwar tafiya: man ya tsaya, zafin bai tsaya ba, sai ya daskare ya zama gawayi. Bayan inji kuma ga kuloci da giya da aka ƙera domin rabin wannan ƙarfi, ga taya, ga birki. Da Porsche ya fito da 911 Turbo a 1975, mai ƙarfin doki 260, sai da ya sauke matsin silinda zuwa 6.5, alhali ƴar'uwarta marar turbo tana kan 8.5, a 1978 ya ƙara akwatin sanyaya iska kafin ya kai doki 300. Mutumin da ya riƙe dukan wannan sarƙa a kansa, ya san in ya ja nan ina zai motsa can, ina da wuya in kira shi maɓarnaci. Ya karanta motar kamar yadda malami ke karanta matani, jimla bayan jimla, alhali mai ajiya bangon littafin kawai yake gogewa.

Nan ne sharaɗina ya zo, kuma ƴan ɓangarena su yi haƙuri. A cikin masu gyara akwai taron jama'a da ba su san komai ba sai lamba. Hirarsu duka ita ce doki nawa: ni 400, ni 600. Sukan sayi turbo mafi girma su ɗaura a kan injin da ba su taɓa buɗewa ba, su toshe ƙofar rage matsi domin allura ta ƙara hawa, su bar birkin 1975 yadda yake. Waɗannan su ne suke ba masu ajiya sandar dukanmu, kuma tarihi ya riga ya yi musu gargaɗi tun daga manyan kamfanoni. A 1962 Oldsmobile ta Amurka ta fito da Jetfire, ɗaya daga cikin motoci biyu na farko masu turbo da aka sayar wa jama'a. Ba a rage matsin silinda ba, an bar shi sama da 10, aka dogara da wani ɗan tanki na ruwa da sinadarin metanol da ake fesawa domin sanyaya wutar. Masu motar suka riƙa mantawa da cika tankin. Shekara biyu aka yi aka daina ƙera ta, daga baya ma kamfanin ya riƙa cire turbon yana mayar wa mutane da karbureta. Ita kuwa 911 Turbo ta farko, duk da lissafin da aka yi mata, ta sami laƙabin mai mayar da mata zawarawa, saboda turbonta ba ya farkawa nan da nan: direba ya taka, shiru, ya ƙara takawa, sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya a tsakiyar kwana, ga nauyin inji a baya. Idan injiniyoyin Stuttgart sun sha wannan, ina ga wanda ya koyi sana'ar a dare uku?

Akwai lissafi guda da nake so kowane mai son gudu ya haddace kafin ya taɓa sifana, kuma ɗaliban kimiyya na lise sun san shi: idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. Saboda haka mai gyaran kirki da birki yake farawa, sannan taya da ƙafafun mota, inji ne na ƙarshe. Wanda ya fara da inji ya sayi doki bai sayi linzami ba, kuma ba ransa kaɗai ya sa a caca ba, har da na yaron da ke tsallaka hanya. Sharaɗi na biyu ya shafi motar da ba ta da yawa. Wadda biyu ce a duniya, ko 36, a bar ta yadda ta zo hannunmu, a dai riƙa hawa. Amma 911 an ƙera ta fiye da miliyan guda tun daga 1963. Idan wani gareji a Kaliforniya ya kwance ɗari ko dubu ya sake gina su, tarihi bai yi asarar shaida ba. Na uku, duk abin da aka cire a adana shi, duk abin da aka sa a rubuta shi, domin wanda zai gaji motar ya iya mayar da ita in ya so. Abin mamaki, yarjejeniyar Turin da hukumar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fara aiki da ita a 2013, kusan abin da ta tanada ke nan: ta ɗauki canjin da aka yi wa mota a zamanin aikinta a matsayin wani yanki na tarihinta, ta nemi sabon canji ya zama mai warwaruwa, kuma ta ƙarfafa a riƙa fitar da motocin kan hanya. Masu tsananin sun zarce dokar gidansu.

Na san abin da wasu abokan aikina ke faɗi tun daga sakin layi na farko, domin wani ya faɗa mini shi a ɗakin malamai: "Malam, wannan ai wasan masu kuɗi ne. Mu da ke jiran albashi, me ya haɗa mu da Ferrari?" Ban ƙi ba, wasan masu kuɗi ne a mafi yawansa. Amma ba gaskiya ba ne a ce bai taɓa ƙasarmu ba. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamba 1978, ya bi ta Agadas da Yamai. Porsche 959 mai turbo biyu da ta ci tseren 1986 ta ratsa Tenere kafin ta zama kayan ɗakin ajiya, haka Peugeot 205 mai turbo da ta ci na 1987 da na 1988. Rairayinmu da zafinmu su ne ɗakin gwajin da aka auna waɗannan injuna, ko da yake ba a tambaye mu ba, kuma tseren ya bar makoki a wasu ƙauyukan Sahel da motocinsa suka ratsa, abin da bai kamata masu ɗokinsa su manta ba. A cikin tarihin tseren nan, waɗanda suka fi kama da mu su ne wa da ƙane, Claude da Bernard Marreau. Sun fara da ƴar ƙaramar Renault 4 da suka gyara da hannunsu, a 1982 kuma suka ɗauki Renault 20 suka sa mata injin Renault 18 mai turbo, suka mayar da ita mai jan ƙafa huɗu, suka ci tseren. Motar haɗe-haɗe ce, irin wadda mai ajiya zai kau da kai in ya gani.

Haɗin da ya fi wannan kusa yana bakin kowace tasha daga Tawa zuwa Damagaram. Peugeot 504 ta fito a 1968, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ƙanwarta mai ƙofa biyu da silinda 6 ta sake cinsa a 1978, kuma tun 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna. Kawuna ya yi shekaru yana jan wata doguwar 504 tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ina yaro na ga an sauke mata inji sau biyu, na ga an ƙara mata ganyen sifirin, na ga an sa mata radiyato da aka ciro daga wata motar daban domin na asali bai iya da zafin watan Afrilu ba. In da mai ajiya na Turai ya duba lambobinta, da ya ce ba ta da daraja ko ta sisi. Amma ta ciyar da gida mai mutum goma sha, ta kai mata masu naƙuda asibiti, ta kai ni makaranta da akwatina a kan rufinta. Abin da Shelby ya yi don ɗaukaka, shi makanikin kawuna ya yi don tuwo, kuma tambayar da suka amsa iri ɗaya ce: wane ƙarfe ne zai zauna da wane, kuma me zai biyo baya?

Ba zan yi wa makanikanmu kirarin ƙarya ba. Ciwon masu bin lamba yana nan gida da wata riga. Mai ƙara ganyen sifirin domin mota ta ɗauki kaya ninki biyu, ya bar birki yadda yake, ɗan'uwan mai doki 600 ne; lissafin nan na tsayawa bai san talauci ba. Yanzu kuma motocin gazuwal da ake shigowa da su daga Turai ta tashoshin ruwa kusan duk masu turbo ne, an tsara su domin ƙasashe masu sanyi da iska mai tsabta. A nan sai su tarar da zafin da ke haura digiri 40 a inuwa, da ƙurar hunturu da ke cin farfela kamar yashi a ido idan matatar iska ta huje, da baƙin man da aka bari ya wuce lokacin juyewa. Sau da yawa in turbo ya mutu, sai a canza shi ba a tambayi abin da ya kashe shi ba, sabon ma ya bi sahun tsohon. Hannun yana nan, kunnen yana nan, har ya fi na Bature kaifi; abin da ya yi ƙaranci shi ne dalili, wato ilimin da ke bayan aikin.

Wa ke riƙe da wannan dalili? Mu ne, malamai. Dokar matsi da zafin iska tana cikin littafin kimiyya na lise, ana rubuta ta a allo, a haddace, a zuba a takardar jarrabawa, a manta. A can bayan tasha kuwa ga yaro yana riƙe da abin da dokar ke bayani a kansa, bai taɓa jin sunanta ba. Kuma mu ne muka raba su. Wane ne a cikinmu bai taɓa ce wa yaro ba, "In ba ka yi karatu ba, gareji za ka ƙare"? Mun mayar da gareji wurin horo, sannan muna mamakin yadda ƴaƴan wasu ƙasashe ke fitowa daga gareji su kafa Alpine da AMG. Da wannan baki da muke zagin sana'ar, da shi muke roƙon makaniki ya duba mana babur bashi kafin ƙarshen wata. A wannan fuska mun fi kama da mai ajiya fiye da yadda muke so: muna riƙe da ilimi a kulle, muna goge shi, ba ma barin a hau.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin aljihunmu. Malamin kimiyya ya je gareji ya aro mataccen turbo, ana zubar da su; ya gayyato mai garejin aji, a zaunar da shi a kujera ta girmamawa, shi ya kwance, malam ya yi lissafi, yara su juya farfelar da yatsa. Mu malaman harshe mu tura ɗalibai su tattaro kalmomin gareji, waɗanda aka aro daga Faransanci da Ingilishi da waɗanda makanikai suka ƙirƙira da kansu, su rubuta yadda ake sauke inji daga bakin mai yi. Ƙungiyoyin al'adu kuma, da ke adana sirdi da likkafa, su tuna 404 mai tanti da 504 su ma sun ɗauki tarihin ƙasar nan a bayansu, kuma kullum ana yanka su ana sayar da ƙarfen a kilo. Kowace jiha ta ceci guda ɗaya, da facinta da injinta na aro, a rubuta sunan kowane makanikin da ya taɓa ta. Sai dai ina roƙo, kada a kulle ta. A ba ta mai, a tayar da ita ranar bikin ƙasa, yara su hau.

Shi kuwa ɗalibin nan da ya yi tambaya, na ba shi aikin gida: ya rubuto mini da Hausa da Faransanci yadda mahaifinsa ke gane ciwon inji da kunne. Ya kawo shafi huɗu, da tabon baƙin mai a gefen na uku. Ban rage masa maki ba saboda tabon.